Karen kiwo a gonarmu ta Riyad

Tun da muka kawo ɗan karen nan, jinsin Corgi, gonarmu da ke bayan garin Riyad, yaranmu suka shaƙu da shi ƙwarai. A yankin Wales na Birtaniya aka samar da irinsa domin korar shanu, shi ya sa duk da gajartar ƙafafunsa yake bin tumakinmu ba gajiya, har yara ma yakan so ya tattara su wuri guda. Gashinsa ninki biyu ne, saboda haka idan zafi ya haura digiri 40 ina tausaya masa, ba ma fitar da shi sai bayan Asuba ko Magariba. A tsakar gida yake kwana, kuma hankalina a kwance yake tunda shari'a ta halatta riƙe kare domin kiwo.