Zoɓo, Sifaniyanci da maganar jinkiri

Aikina rubuta saƙonni ne ga wani Alhaji da ke fitar da busasshen zoɓo daga Kano zuwa Mekziko, inda suke kiransa "jamaica", suna jiƙa shi su sha da sanyi kamar yadda muke yi. Da masu jirgin ruwa Turanci muke yi, da masu saye kuwa Sifaniyanci. Kusan rabin abin da nake rubutawa kan jinkiri ne: kwantena ta maƙale a tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas, takardar feshin magani ba ta fito ba, kuɗi bai shigo ba.

Turancin bai ba ni wuya ba. Idan abu ya fi ƙarfinka, "delay" ne. Idan kai ka ɗage shi, "postpone" ne, kuma akan haɗa da sabuwar rana. "Procrastinate" kuwa ba na sa shi a wasiƙar kasuwanci sam, domin zargin mutum ne da jan ƙafa.

Sifaniyancin ne ya sa na zauna na nutsu. "Retraso" da "demora" jinkiri ne, "aplazar" ɗagewa. Waɗannan suna cikin ƙamus. Abin da ƙamus bai gaya mini ba shi ne "ahorita". A rubuce ma'anarsa yanzu-yanzun nan, amma a bakin mutumin Mekziko yana iya zama anjima, ko gobe, ko ma hanyar ƙin abu cikin ladabi. Tamkar tela ne ya ce maka "an kusa" ana gobe Sallah. Haka "mañana" gobe ce, kuma safiya ce, shi ya sa gobe da safe suke cewa "mañana por la mañana".

Wanda ya fi burge ni shi ne "se me hizo tarde". Mai maganar bai ce ya makara ba, cewa ya yi lokaci ne ya ƙure masa. Ban ga rashin gaskiya a ciki ba, sassauci ne da ke kare mutuncin kowa.

Wata rana wani mai saye ya rubuto "ahorita le deposito". Alhaji ya ce, "To, me ya ce?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ya ce zai turo kuɗin, amma bai sa rana ba." Na mayar masa cikin girmamawa, "¿Para qué fecha?", wato wace rana ke nan. Ya amsa da Litinin, kuma ranar Litinin ɗin aka ga kuɗi a banki.