Wayar da ke taka totur

Ranar da aka ba ni kula da motocin dakon kaya, na ɗauka aikin biro da takarda ne kawai: wace tirela ta yi lodi, wacce ta sauke, lita nawa ta sha, takardar kaya ta dawo da sa hannu ko ba ta dawo ba. Na fi shekara ina wannan lissafi kafin na gane ashe ni ma tuƙi nake yi, daga kan kujerar ofis.

Wani dattijon direba ne ya buɗe mini ido. Mota ta makara wajen fita saboda masu lodi sun cinye mana rabin yini, ga mai kaya sai kira yake. Ni kuma na sauke a kan direba, bini-bini na buga: "Baba, ina kake?" A kira na huɗu ya ce, "Yallaɓai, duk sanda wayar nan ta yi ƙara, ƙafata ƙara nutsewa take a totur. In kana so in iso, ka ƙyale ni." Na ji zafin maganar, ba zan ɓoye ba. Amma da na duba bayanan na'urar bin sawu da ke jikin motar, sai na ga gudunsa yana hawa ne daidai bayan kowane kira nawa.

Tun daga ranar na canza yadda nake rubuta jadawali. Awannin da aka ɓata a wurin lodi ba sa dawowa. In ban ƙara su a kan lokacin isa ba, direba ne zai biya, kuma daga barcinsa zai cire. Barci kuwa ba a cin bashinsa. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa, in direba ya yi gyangyaɗin daƙiƙa uku, ta shafe kusan mita 67 ba mai riƙe da ita. Ba banza ba dokar Tarayyar Turai ta tsayar da tuƙin yini a awa tara, da hutun minti 45 bayan awa huɗu da rabi, Amurka kuma ta tsaya a awa 11 bayan hutun awa goma. A da ina ganin irin wannan ƙa'ida ɓata lokaci ce. Yanzu ita nake fara sawa a lissafi kafin in yi wa kowa alkawari.

Lodin da ya wuce ƙima ma daga ofis yake fitowa, ko da yake direba ake kamawa a sikeli. "Ƙara tan biyar, ai za ta ɗauka." Za ta ɗauka ɗin, amma taya na zafi, sifirin na gajiya, birki kuma sai a gangare yake nuna halinsa. Gwajin hanya da aka yi a Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna in aka ninka nauyin da ke kan layin tayoyi ɗaya, ɓarnar da yake wa kwalta takan kai kusan ninki 16. Ramin da muke tsine wa a hanya, da hannunmu a ciki.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na alawus. Wani matashin direba ya tsaya a hanya don ya ji iskar birki na zuba, ya jira makaniki, kaya suka kwana. Na zabtare masa kuɗin tafiya. Wata biyu cur ba wanda ya sake kawo mini rahoton matsala, har ina murna motoci sun yi lafiya. Sai da muka shigar da su gareji muka tarar da tayoyin da suka cinye, da fitilar da aka ɗaure da waya. Na mayar wa yaron kuɗinsa a gaban sauran, na ce duk wanda ya tsaya saboda birki ko taya, alawus ɗinsa na nan cif.

Mai kaya har yanzu yana kira, ni nake ɗauka in sha faɗan. Direba kuwa sai na ga motarsa ta tsaya a kan allon kwamfuta sannan nake buga masa.