Burodin da ba ya narkewa a jaka

Da asuba na haɗa sanwic na kifin gwangwani da tumatir da albasa, na naɗe a takarda, na kama hanyar Samaru. Da azahar na buɗe jaka, sai na tarar burodin ya sha ruwan tumatir ya koma fate. Da cokali na ci shi, abokiyar aikina tana ta dariya. Kuma fa da sunan mai alkama na saye shi, don kawai na gan shi ja.

Ashe launi ba shaida ba ne. Ƙonannen sukari kaɗan a kwaɓin farar fulawa ya isa ya rina burodi. Ko an ce hatsi kala biyar ne a ciki, yana iya zama fulawa ce zalla aka barbaɗa wa gero da riɗi a ka. Yanzu ledar nake juyawa in karanta kayan haɗin, domin abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. In ban ga alkama mai dusarta a farko ba, na ajiye.

Sai kuma hannu. Na ƙwarai yana da nauyi, in kin danna shi da yatsa yakan taso a hankali, ba ya lotsewa kamar tsohuwar katifa. Wani mai shago a Sabon Gari har ya gane ni. Da na shigo zai ce, "Hajiya, ga mai nauyin naki can, ba kowa ke ɗauka ba."

Amma nauyin ma da iyaka. Gero da dawa ba su da danƙon alkama, in suka yi yawa burodin sai ya riƙa marmashewa tun a bakin wuƙa. Na taɓa sayen irinsa, kaji ne suka ci riba.

Da hunturu kan a ce me ya bushe, da damina kuma kwana uku ya yi fumfuna. Shi ya sa nake yanka shi in sa rabi a firiza, in Allah ya sa an kawo wuta. Ina ɗan gasa yankan a kasko, in shafa man gyaɗa ko Bama, kabeji a ƙasa, tumatir a tsakiya inda ba zai taɓa burodin ba.

Autata har yau ba ta yarda da shi ba. Riɗin saman take tsincewa ta cinye, ta turo min sauran.