Rafin da ke tafiya a ƙarƙashin yashi

Da hantsi na sauka a gadar Dindima, kan hanyar Bauchi zuwa Gombe. Watan Maris ne, kogin Gongola ya ja da baya ya bar yashi fari fat, sai ɗan ruwa siriri a gefe guda. Amma ba don shi na zo ba. Rafin ƙauyen su Baffa nake son bi da ƙafa, daga bakinsa har kansa, don tun ina yaro nake wanka a ciki ban san inda ya fito ba.

Muna shiga kwarin na ce, “Baffa, ina ruwan yake?”

Ya ce, “A kansa kake tsaye, ɗana.”

Ya tsuguna ya tona yashin da hannu. Bai kai tsawon kamu biyu ba ƙasan ramin ya yi duhu, ruwa ya fara tsattsafowa a hankali, da farko gurɓatacce, can ya kwanta ya yi garau. Dutse ne shimfiɗe a ƙasa, ba ya barin ruwan damina ya nutse, yashin kuma ya kare shi daga rana. Da wannan ruwan ake shayar da lambunan albasa da tumatir na fadama duk rani, shi shanun Fulani ke sha. Jigo dai ya ɓace, ƙarar injin ban ruwa kawai kake ji.

Gaba kaɗan muka tarar da inda masu tifa suka kwashe yashi har dutsen ya fito tsirara. Nan ko ɗigo babu. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin masu lambun wajen sun riga sun tashi, sai shingayen ƙaya.

Daga nan hawa ne. Kanya da ɗinya da na sani a bakin rafi sun ragu, kututture ya yi yawa, ga baƙin gurbin da aka ƙona gawayi. Inda babu saiwa, ruwan sama ba ya tsayawa ya shiga ƙasa, gudu yake yi. Baffa ya nuna mini kwazazzabon da ya cinye masa kusan rabin gonar dawa, zurfinsa ya fi tsayina.

Bayan azahar muka kai kan tudu. Ashe rafin ba kai ɗaya gare shi ba, ƴan ƙoramu uku ne suka gangaro daga tsakanin duwatsu suka haɗe. Duk ruwan da ya sauka a wannan gangaren, Gongola zai nufa, ya taru a madatsar Dadin Kowa da ke shayar da garin Gombe, ya wuce Kiri, ya shiga Binuwai a Numan, ya haɗu da Neja a Lakwaja, sai teku. Wanda kuwa ya sauka can arewa wajen Ningi, kogin Bunga zai ɗauke shi zuwa Jama'are, ya bi ta Yobe ya nufi Tafkin Chadi.

A gindin wani ɓaure muka sami idon ruwan, faɗinsa bai fi faifai ba, ƙudan zuma sun kewaye shi. Baffa ya cire hularsa ya kore su a hankali, ya ce in fara sha. Da sanyi, da ɗan ƙanshin ganye. Muka yi alwala a nan, muka yi la'asar a kan fa.