Buhun yashi ne ya buɗe mana zaure

Mu bakwai muka fara, a gindin wata dalbejiya a Haɗeja, bayan la'asar: malaman firamare biyu, tela, mai gyaran waya, sai ɗalibai uku. Kunya ce ta tara mu. Wani yaron ajina ya tambaye ni dalilin da ya sa ake ce wa Sarki Muhammadu "Mai Shahada", na tsaya ina kame-kame. Na san dai Turawa sun ci Kano a 1903, Haɗeja kuwa sai a watan Afrilun 1906, bayan yaƙin da aka gwabza har cikin gari, inda sarkin ya rasu tare da ɗimbin jama'arsa. Iyakar sanina ke nan, ni da aka binne cibiyata a garin.

Muka yi karo-karo muka sayi littattafan rubutu, muka shiga bin dattawa da waya muna naɗar murya. Wata uku muna yawo, ba mu samu abin kirki ba. A ba mu tabarma, a kawo ruwa, a yi mana addu'a, a sallame mu. Wani tsoho ma bai ɓoye ba.

"Samari, wa ya aiko ku? Gwamnati ko 'yan siyasa?"

"Babu ko ɗaya, Baba. Sa-kai ne."

"To, Allah ya yi albarka. Ni na manta komai."

Bai manta ba.

Da daminar 2020 ta zo, kogi ya cika ya tumbatsa, gari ya tashi tsaye aikin jinga. Muka ajiye littattafai muka ɗauki shebur. Kwana da kwanaki muna ɗura yashi a buhu, muna yashe magudanan ruwa, da dare mu kwana gadin jinga da tocila, sauro na cin rabonsa. A nan tsohon ya gan ni, taɓo har gwiwa. Bayan ruwa ya janye ya aiko jikansa ya kira ni. Ya jawo wata adaka daga ƙarƙashin gado, ya fito da takardun ajami naɗe cikin fata, gara ta ci gefensu. Ya ce, "Yanzu na san ɗan gidan waye kai." Ranar sai da aka kira magariba muka tashi.

Tun daga nan ba ma zuwa unguwa da tambaya kafin mu je da tsintsiya. Sharar maƙabarta, gyaran rijiyar burtsatse, rakiyar marar lafiya asibiti. Wasu daga cikinmu sun yi ƙorafin cewa mun bar tarihi mun koma aikin gayya. Ni ban ga bambanci ba.

Mun kuma yi wauta babba: shekara guda ba mace ko ɗaya a cikinmu, alhali namiji iyakarsa zaure. Da ƙanwar tela ta shigo, sai ga abin da muke nema yana cikin gida. Tsofaffin mata ne ke riƙe da salsala, wa ya auri wa, wace zuriya ta fito daga Auyo, wace daga Borno, da waƙoƙin niƙa masu ambaton mazan jiya.

Maganar Sarkin Haɗeja Buhari, wanda ya bijire wa Sakkwato ya kuma rasu a 1863, ta kusa raba mu. A wani gida gwarzo ne, a ƙauyen da mayaƙansa suka taɓa aukawa kuwa da wuya ka ji yabonsa. Muka daina neman raba gardama. Kowace ruwaya mu rubuta ta yadda aka faɗa, da wanda ya faɗa, da wanda ya ji daga bakinsa. Takarda kuma ba ma karɓa mu tafi da ita: mu ɗauki hoto a gaban mai ita, mu mayar masa a hannu.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne hirar farko da tsohon nan. Awa uku, a wayata kaɗai. Aka zare ta daga aljihuna a kasuwa, na yi ta cewa gobe zan koma a sake. Kafin goben ta zo aka yi masa sallah. Yanzu duk hirar da aka naɗa, ba mai kwanciya sai ta shiga waya uku da kwamfutar mai gyaran waya.