Fita daga Yamai da safe, a dawo kafin magariba

Ƙannena, in kuna da mako guda a Yamai kuna son ganin garuruwan da ke kewaye, ku ajiye kaya a masauki ɗaya, ku riƙa fita da safe kuna dawowa da yamma. Ya fi arha, kuma a halin da ake ciki ya fi kwanciyar hankali. Sai dai akwai lissafin da mu na gaba ba mu iya ba sai da rana ta dafa mu, shi nake so in rage muku.

Ku fara da duba yadda hanyoyi suka fita daga birnin. Kamar yatsun hannu suke: ta Doso, ta Kollo, ta Filinge, ta Tilaberi da ke bin gefen kogin Isa, sai ta Say da ta Torodi waɗanda sai an ƙetare gada zuwa Haro Banda. Tsakanin wata da wata yawanci babu gudron, sai hanyar jan ƙasa ko rairayi. Taswirar waya za ta nuna muku Baleyara da Kure ba su da nisa da juna, sai ku ce a haɗa su rana ɗaya. Kada ku yarda. Kowace rana hanya ɗaya, a tafi a dawo ta ita.

Na biyu, ranar kasuwa ce ke tsara makon, ba son ranku ba. Bubon, kimanin kilomita 25 a kan hanyar Tilaberi, Laraba take ci. Ranar ne matan garin ke fito da tukwane da randuna, kwale-kwale na kawo mutane daga ƙetaren ruwa. Baleyara, kusan kilomita 100 a kan hanyar Filinge, Lahadi ce, kasuwar shanu da raƙuma da tumaki. Wanda ya je ranar Talata rumfuna kawai zai tarar da awaki a inuwa. Saboda haka a fara kafa waɗannan ranaku biyu a takarda, sauran wuraren su cike gurbi.

Lissafin lokaci kuma daga baya ake faro shi, daga sa'ar dawowa. A Yamai rana na faɗuwa tsakanin shida da rabi lokacin sanyi da bakwai da ƴan mintoci lokacin damina. Ku sa a ranku kun wuce shingen jandarma na bakin gari da ƙarfe biyar da rabi; sa'ar da ta rage ta faci ce da sallar la'asar da cunkoson shiga gari. Kada ku lissafa da gudun mota. In aka haɗa peyaj, da shingaye, da ramuka, da amalanken jaki, kilomita 50 a sa'a shi ne gaskiyar magana. Ke nan Baleyara sa'a biyu ce zuwa, biyu dawowa: a tashi bakwai, a isa tara kasuwa na fara cika, a juyo uku da rabi. Doso kimanin kilomita 140 ce, kusan sa'a shida a cikin mota in an haɗa zuwa da dawowa. Ana yi, don fadar Zarmakoy, sarkin Doso, ta cancanci a gan ta, amma nan ne iyaka. Duk inda zaman mota ya fi zaman gari tsawo, wannan ta zama tafiyar kwana.

Kure ta fi kowace buƙatar shiri. Kilomita 60 ce a kan hanyar Doso, kuma a yankin ne raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suka rage. A 1996 ba su wuce 50 ba, kula da aka yi da su ta sa suka haura 600, har aka kwashi takwas zuwa gandun dajin Gadabeji a 2018. Ba a keji suke ba, yawo suke tsakanin gonaki da daji, kuma suna bin yanayi: da damina suna kan tudu kusa da Kure, da rani su gangara Dallol Boso wajen Harikanasu inda akwai ruwa da gawo. Don haka da rani a ƙara aƙalla sa'a guda cikin rairayi, kuma ƙaramar mota mai ƙasa da ciki za ta kafe. Ana ɗaukar ɗan jagora a bakin hanya, shi ya san inda aka gan su jiya. A tashi bayan asuba, don da hantsi suke kiwo a fili. Rana na take sai su shige inuwa.

A nan ne kuma, ran 9 ga Agusta 2020, aka kashe mutum takwas, har da direba da ɗan jagora. Na kawo shi ne don ku san tambayar lafiyar hanya ba tsoro ba ne. Daren da za a tafi a tambayi direbobin tasha da ke bin hanyar kullum, a kira wani a garin da za a je, da safe a sake tambaya a shinge. Labarin makon jiya ya tsufa. Torodi, da Ayoru, da gandun dajin W, ku cire su daga lissafi a yanzu, Say ma sai an tabbatar. A wasu sassan jihar Tilaberi an sha hana hawa babur tun 2020, kada ku dogara da kabu-kabu zai fid da ku.

Masu bin motar haya, matsalarku ba zuwa ba ce, dawowa ce. Da safe mota na cika nan da nan, amma motocin kasuwa tun bayan azahar suke fara juyowa, kafin la'asar sakaliya sai dai ka ga mai buhuna a sama babu wurin zama. Da kun sauka ku karɓi lambar direba, ku ji sa'ar tashinsa. In mutum ɗaya ake jira, ku haɗa ku biya kujerar. In kuma shata kuka yi, a yanke magana tun a gida: kuɗin zuwa da dawowa ne, wa zai zuba esansi, wa zai biya peyaj, sa'a nawa zai jira. A ba da rabi, rabi sai an dawo.

Kaya kaɗan ne. Katin ɗan ƙasa na kowa, ba hotonsa a waya ba. Permi, takardar mota da asurans. A cika tanki a Yamai, don man kwalba na bakin hanya wani lokaci da ruwa ko datti a ciki. A duba iskar tayar ajiya, don da yawa sai a daji suke gane ta sace. Ruwan sha lita huɗu ga kowane mutum daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, da bidon na lita 20 don alwala da injin. Kuɗi a farfasa su: mai tukwane a Bubon ba ta da canjin jika goma, ku riƙe ƴan ɗari-ɗari da jika-jika.

A watan Agusta, in an kwana ana ruwa, a ɗage duk tafiyar da ta sauka daga gudron, domin korama na yanke hanya cikin sa'a guda kuma ba a gwada zurfinta da mota. Kada a jera doguwar tafiya biyu a jere. Ranar da ke tsakani a yi ta a gidan tarihi na Bubu Hama ko a bakin kogi, Juma'a kuwa a bar ta ga wuri na kusa kamar Kollo, kimanin kilomita 35, inda za a iya komowa kafin a hau mumbari.