Yadda na auna abin da gidaje ke samu a Yamaltu/Deba

A shekarar 2020 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da sakamakon binciken rayuwar gidaje na 2018 zuwa 2019, inda ta nuna cewa kashi 40 cikin ɗari na 'yan Nijeriya suna ƙasa da layin talauci, wato naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, kuma a jihar Gombe adadin ya haura kashi 60. Rahoton ya tsaya a matakin jiha. Ni kuwa abin da ya dame ni shi ne ƙaramar hukumarmu ta Yamaltu/Deba, inda mai noman rani a gefen madatsar ruwa ta Dadin Kowa da manomin tudu mai jiran damina suke maƙwabtaka, amma aljihunsu ya sha bamban. Shi ya sa na ɗauki littafi da biro na shiga ƙauyuka.

Tun farko na ƙi haɗa kuɗin kowa in raba da yawan gidaje, domin dillalin shanu guda ɗaya ya isa ya ɗaga lissafin unguwa baki ɗaya, har a zaci kowa na cikin wadata. Na jera gidajen daga mafi ƙarancin samu zuwa mafi yawa, na ɗauki na tsakiyar layi, wanda rabin gidaje ke ƙasa da shi, rabi kuma sama. Da yake tun 2006 rabon da a yi ƙidayar jama'a, sai da muka zauna da masu unguwanni muka rubuta gidajen, sannan na zaɓa ta hanyar ƙuri'a. Gida kuwa a lissafina shi ne mutanen da ke ci daga tukunya ɗaya, ko da zaurensu ɗaya ne da wasu.

Tambayata ta farko ba ta yi amfani ba. Na durƙusa na gaida wani dattijo da ke gyaran igiya a ƙofar gida, na ce, "Baba, nawa kake samu a wata?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ai manomi ba shi da wata, sai kaka." Daga ranar na daina tambayar naira, na koma tambayar dami nawa na dawa aka ɗaure, buhu nawa na masara da wake aka kai rumbu, nawa aka sayar, nawa aka ci. Abin da iyali suka ci daga gonarsu samu ne, don haka na yi masa kuɗi da farashin kasuwa. Idan manomi ya yi kokonto, yakan tuna zakkar da ya fitar, tunda ɗaya cikin goma ce a noman damina, ɗaya cikin ashirin a na ban ruwa, kuma da wuya mutum ya manta da ita.

Babban kuskurena shi ne barin mata a zagayen farko. Maigida bai san ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ba, balle zubin adashi ko akuyar da uwargida ta sayar gab da salla, ni kuma ba ni da ikon shiga cikin gida. Da na dawo tare da ƙanwata, tana zama da su a tsakar gida, gidaje da dama sun canza matsayi a layin, har na tsakiyar ma ya sauya. Har yau ina jin nauyin wannan sakaci.

Bibiyar shekaru ta fi komai wuya. An yi ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, sannan hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari a 2024, shekarar da mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. A littafina kuɗin gidan tsakiya ya ƙaru sosai, kuma da na tsaya nan da na yi shelar ci gaban da babu shi. Sai na cire kuɗin taki da na ƙwadago da fetur ɗin injin ban ruwa, na mayar da ragowar zuwa mudun masara bisa farashin kowace shekara. A nan ne na ga cewa tsadar hatsi ta amfani mai rarar sayarwa, ta kuma danne wanda rumbunsa ke ƙarewa tun kafin Agusta, kuma gidan tsakiya ya fi kusa da na biyun.

Yanzu ina komawa ne bayan girbi kowace shekara, kafin samari su tafi cin rani, domin kada in gwada kaka da bazara. Idan ɗa ya yi aure ya raba tukunya da mahaifinsa, nakan buɗe masa shafi na daban, in rubuta shekarar a saman shafin.